Sayayya ta intanet ko zuwa kasuwa: wa za a kama idan kaya suka ɓaci?

Maman Sadiƙ (Zariya):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna wani al'amari da ya zama ruwan dare a gidajenmu, wato sayen kaya ta waya maimakon a taka a je kasuwa. Hatta kayan lefe, waɗanda a da sai mata sun yi ayari sun tafi Kantin Kwari sun yini suna zaɓe, yanzu akwai masu haɗa su daga cikin ɗaki, ana turo musu hotuna ta WhatsApp suna cewa a ajiye wannan, a cire wancan. Ra'ayina shi ne duk kayan da sai hannu ya taɓa ake sanin ingancinsu, irin su atamfa da shadda da leshi da takalmi, bai kamata a saye su ta hoto ba, domin hasken waya yana ƙara wa launi kyau, kuma ba ya nuna kaurin yadi ko yawan sitacin da aka zuba masa. A ganina cinikin biri a sama ne. To amma na san a cikinmu akwai 'yan kasuwa da masu saye da sayarwa ta waya, ina so in ji ta bakinsu.

Alhaji Na-Kwari (Kano):
Wa alaikumus salam Hajiya. Maganarki tana kan hanya, sai dai ina so in yi mata gyara kaɗan. Ciniki daga nesa ba intanet ce ta kawo shi Kano ba. Tun kafin wayar hannu ta yawaita muna da abokan ciniki a Maiduguri da Yola da Sakkwato da Maraɗi da Njamena waɗanda sai su shekara ba su tako Kwari ba. Mutum zai aiko da saƙo cewa yana son dila kaza ta atamfa kaza, mu ɗaure kaya, mu rubuta sunansa da garinsa a jikin buhun, ɗan dako ya kai tasha, direba ya wuce da su. Abin da ya riƙe wannan cinikin shi ne shagona yana nan ba ya gudu, an san layin da nake, an san ubangidan da ya sallame ni, kuma idan rigima ta taso akwai shugabannin kasuwa da za a kai ƙarata gabansu, su kira ni su zaunar da ni. Saboda haka ni ba na raba ciniki zuwa na waya da na ido. Ina raba shi ne zuwa wanda akwai mutumin da za a kama idan kaya suka ɓaci, da wanda babu.

Game da taɓa kaya kuwa, gaskiyarki ne. Mace mai idon zani idan ta shigo shago, kafin ta tambayi kuɗi za ta buɗe turmin ta juya bayansa, domin atamfa ta gaske fuskarta da bayanta kusan ɗaya suke, ita kuwa ta bugun inji mai araha bayanta a koɗe yake. Za ta karanta rubutun da ke bakin zanin, ta murza gefensa tsakanin yatsu ta ji ko sitaci ne ya ba shi ƙarfi, wata ma har ta jiƙa farin hankici ta goga a kusurwa ta ga ko zai zuba. Daga nan ta sa a auna mata a gabanta ta tabbatar yadi shida ne cif. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da hoto zai yi mata.

Ummu Hanan (Kano):
Alhaji, ranka ya daɗe, na yarda da kai a kan batun wanda za a kama. Amma Anti Maman Sadiƙ, ina roƙon ki dubi matan da ke bayan waɗannan hotunan. Ni daga ɗakina nake sana'a, ina saro kaya a Kwari da Sabon Gari in ɗora a WhatsApp, kuma da wannan nake taimaka wa maigidana da kuɗin makarantar yara. Iyayenmu mata da suke cikin kulle ma sun yi sana'a daga gida, sai dai su ta hannun dillaliya da yara 'yan talla suka yi. A yau wayata ce take yi mini tallar, 'yata kuwa tana aji maimakon ta ɗauki faranti ta bi layi. Wannan kaɗai ya isa a daina kallon harkar da ido ɗaya.

Sannan a lissafa abin da zuwa kasuwa yake ci. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu ya ninka, kuma mace mai goyo ko mai aikin ofis ba kullum take da yinin da za ta ɓatar a cunkoson Kwari ba, musamman ana gab da sallah. Idan ta ƙara mini ɗan abin da na ɗora a kan kaya da kuɗin ɗan aike, sau da yawa bai kai abin da za ta kashe a mota ba. Kuma mu ma ana cutar mu. Akwai mai turo alat na bogi, akwai wadda za ta sa a yanka mata yadi sannan ta kashe waya, akwai wadda ɗan aike zai kai mata kaya har ƙofar gida ta ce ta fasa, ni in biya kuɗin zuwa da dawowa.

Alhaji Na-Kwari (Kano):
'Yata, ban musa miki ba ko kaɗan. Irinku da yawa a shagona suke ɗaukar hoton da suke ɗorawa, kuma sun zama manyan abokan cinikinmu. Abin da kawai nake ja musu kunne a kai shi ne su riƙa faɗin sunan kaya na gaskiya. Kada a ɗauki kwaikwayon da aka buga a Sin a kira shi Holan, ko a ɗauki shadda mai matsakaicin daraja a ce Getzner ce.

Injiniya Bashir (Kaduna):
Ina ganin muna cakuɗa abubuwa daban-daban a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai manyan kamfanoni irin su Jumia da Konga, waɗanda dukansu suka fara aiki a Legas a 2012, suna da ofisoshi da wuraren karɓar kaya da rubutacciyar ƙa'idar mayar da kaya cikin kwanakin da suka ƙayyade. Akwai na ƙasashen waje irin su AliExpress da Temu, wanda ya shigo Najeriya a ƙarshen 2024, inda kaya suke tasowa daga Sin kai tsaye su ɗauki makonni a hanya. Sai kuma masu sayarwa a Instagram da Facebook da TikTok da WhatsApp, waɗanda a cikinsu akwai masu amana irin 'yar uwarmu Ummu Hanan, akwai kuma waɗanda babu kowa a bayan shafin sai lambar asusu. Hukuncin da ya dace da ɗaya ba lallai ne ya dace da sauran ba.

Sannan kada mu ɗauka cewa duk wanda ya je kasuwa ya tsira. Wanda ya saba da kasuwannin waya, ko Farm Centre ta Kano ko wata, ya san ana iya gyara tsohuwar waya a canza mata fuska da batir, a mayar da ita kwali a liƙe da leda kamar sabuwa. Mai saye ya riƙe ta a hannunsa, ya jujjuya, ya biya, kuma an cuce shi ido na ganin ido. Wanda ya san kan abin zai danna *#06# ya gwada lambar shaidar wayar, wato IMEI, da ta fito da wadda ke jikin kwalin, amma mutum nawa ne suka san haka? A irin kayan da suke da lambar samfuri, kamar waya da kwamfuta da batirin sola, intanet ta yi wa talaka babban amfani, domin kafin ya bar gida ya riga ya ga farashi a wurare da dama, ba za a dubi rigarsa ko harshensa a yanka masa kuɗi ba.

Maman Sadiƙ (Zariya):
Injiniya, na karɓi wannan rabe-raben, kuma kashi na ukun nan shi ne ya fi damuna, domin a nan matanmu suka fi sayayya. Na taɓa biyan kuɗin leshi a wani shafi mai dubban mabiya, wanda hotunansa da bidiyonsa babu abin kushewa. Da kayan suka iso, launin ya sha bamban, duwatsun da ke jiki kuwa manna su aka yi da gam, tun a cikin leda sun fara zubewa. Na yi magana cikin mutunci, aka ce mini ba a mayar da kaya, da na matsa sai aka toshe lambata. Ban san unguwarsu ba, ban san fuskar kowa ba, sunan da ke kan asusun ma daban yake da na shafin. Da a shago ne, ko ban sami kuɗina duka ba, zan tsaya a ƙofarsa in yi magana maƙwabtansa su ji, kuma ɗan kasuwa yana tsoron wannan fiye da asarar turmi ɗaya.

Malam Mai Almajirai (Katsina):
Bismillah. Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri. Tun da magana ta zo kan halacci da haƙƙi, bari in tsoma baki, domin malamanmu na Malikiyya sun tattauna wannan mas'ala ƙarnuka da dama kafin a san waya. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an bayyana cewa babu laifi a sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffantawa. Har an ambaci halaccin sayen abin da ke cikin ƙunshin dila bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, ba tare da an kwance ba, matuƙar siffar sananniya ce. Kenan asalin sayayya ta hoto da bayani ba haramun ba ce. Sharaɗin shi ne siffar ta kasance cikakkiya yadda za ta kawar da jahilci: nau'in kaya, da yawansu, da launinsu, da ingancinsu. Idan kaya suka zo daidai da siffa, ciniki ya tabbata, mai saye ba shi da ikon fasawa don kawai ransa ya canza, wannan kuma amsa ce ga masu wahalar da Ummu Hanan. Idan kuwa suka saɓa, yana da haƙƙin mayarwa, kuma rubuta "ba a mayar da kaya" a saman shafi ba ya halatta wa mai sayarwa kuɗin da ya ci ta hanyar ɓoye aibi.

Akwai wani wuri da ya kamata a lura da shi sosai. A wannan babin an ce kada a shardanta biyan kuɗi tun kafin kaya su iso, sai idan wurin da kayan suke yana kusa, ko kuma abu ne da ba a fargabar canzawarsa, kamar gida ko fili. Hikimar a fili take, domin kuɗin da aka riga aka biya a kan abin da ba a tabbatar da isowarsa ba yana rataye ne tsakanin zama farashi da zama rance. Saboda haka tsarin biya idan kaya sun iso ya fi kusa da abin da malamai suka so. Kuma hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mai gyara hoto don ya ɓoye aibin kaya ya shiga wannan gargaɗi, haka ma mai shagon da yake nuna samfuri mai kyau ya ɗaure wani daban.

Ummu Hanan (Kano):
Allah ya gafarta Malam, na ƙaru ƙwarai. Sai dai biya bayan kaya sun iso yana da wuya ga mai ƙaramin jari irina, domin da kuɗin mai saye nake zuwa in ɗauko kayan. Abin da nake yi shi ne in karɓi kafin alƙalami, sauran kuma idan kaya sun isa hannu, ga waɗanda muke gari ɗaya.

Barista Hauwa (Abuja):
Ta fuskar dokar ƙasa ma akwai kariya, ko da yake mutane ƙalilan ne suke nemanta. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka zo da lahani, ko waɗanda bai samu damar dubawa ba kafin a kawo kuma suka saɓa wa yadda aka siffanta su. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye. Matsalar ita ce wadda Alhaji ya faɗa tun farko: hukuma ba za ta iya gayyatar wanda ba a san sunansa da mazauninsa ba. Don haka kafin ki tura kuɗi, ki duba ko sunan asusun ya dace da na mai sayarwa, ki nemi adireshin da wani naki zai iya zuwa ya gani, kuma kada ki goge hirarku da shaidar biyan kuɗi. Idan zamba ce ƙarara, a sanar da banki nan take, domin jinkiri yana ba su damar kwashe kuɗin zuwa wani asusu.

Ɗan Maraɗi (Nijar):
Gaisuwa ga jama'a. Mu a nan yawancin abin da ake kira sayayya ta intanet, WhatsApp ne da Facebook, kuma kaya masu yawa daga Kano suke fitowa su biyo ta Katsina da Jibiya. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, 'yan kasuwarmu da dama sun rage zuwa da kansu, suka koma zaɓen kaya ta bidiyo. Amma ban san ɗan kasuwa mai hankali da yake tura kuɗin dila ga baƙon shafi ba. Kowa yana da mutuminsa a Kwari, wanda suka taɓa cin abinci a kwano ɗaya, shi ne zai je ya duba kayan da idonsa ya karɓi la'adarsa. Ga canjin sefa da naira da yake motsi kullum, ga dogon jira a hanya, idan babu amintacce a can ɓangaren, jarin mutum zai iya narkewa a ciniki ɗaya.

Baba Ɗanjuma (Gusau):
Ni tsoho ne, ba na sayen komai ta waya, amma ina da tambaya ga matasa. Mai shagon unguwarmu yana da littafin bashi, kuma rabin magidantan layinmu suna ciki. Idan wata ya yi nisa za ka aika yaro ya karɓo shinkafa da mai da sabulu, a rubuta, ka biya idan albashi ko fansho ya shigo. Ranar da aka yi maka rasuwa yana cikin masu ɗaukar makara. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da mutane suka kwana a layin banki, wannan littafin ne ya ciyar da gidaje da yawa. Wace manhaja ce za ta yi maka haka? Idan muka kwashe cinikin da yake da riba muka kai wa kamfanonin nesa, muka bar masa bashi kawai, ranar da ya rufe shago mu ne za mu fara kuka. Bayan shi kuma akwai ɗan dako da mai kura da yaron shago da mai sayar musu da abinci, duk a jikin kasuwa suke ci.

Injiniya Bashir (Kaduna):
Baba, Allah ya ƙara girma, maganar bashin nan ba ni da amsarta, kuma ban ga abin da zai maye gurbin mai shagon unguwa a kayan masarufi ba. Sai dai wancan ƙarancin kuɗin da ka ambata shi ne kuma ya tura mai shayi da mai nama da mai kayan miya suka buɗe asusun OPay da Moniepoint, har ya zama yau da wuya ka shiga shago ba ka ga lambar asusu a manne a bango ba. Game da kuɗi su zauna a gida kuwa, ina da ja. Masaƙun Kaduna da na Sharaɗa da Challawa da Bompai mafi yawansu sun daɗe da durƙushewa, kuma kaso mai yawa na yadin da ke Kwari daga Sin ake shigo da shi. Wanda ya saya a shago da wanda ya yi oda kai tsaye, sau da yawa masana'anta ɗaya suke wa ciniki.

Alhaji Na-Kwari (Kano):
Injiniya, wannan magana tana da ɗaci amma gaskiya ce, kuma mu da muka ga lokacin da ake ɗauko atamfa daga masaƙun gida mun fi kowa jin zafinta. Duk da haka akwai bambanci. Kwantenar da ta sauka a Kano, kafin yadinta ya isa jikin mai sawa ya bi ta hannun mai shigowa da ɗan sari da dillali da ɗan dako da direba da irin su Ummu Hanan, kowa ya samu na cefane. Ƙunshin da ya taso daga Sin zuwa ƙofar gidanka ɗan aike ɗaya kawai ya amfana. Ban ce a hana kowa neman sauƙi ba, ina dai so a san abin da ake bari a baya.

Ummu Hanan (Kano):
Allah ya gafarta Malam, akwai abin da yake yawan haɗa mu rigima da masu saye na wasu garuruwa. Idan na kai kaya tasha na ba direba, na tura wa mai kaya lambarsa, sai mota ta yi hatsari ko kayan suka ɓata a hanya, asarar a kan wa take?

Malam Mai Almajirai (Katsina):
Abin da ya shahara a mazhaba shi ne kayan da ake iya ɗauka, idan an sayar da su bisa siffa ba sa wurin ciniki, lamuninsu yana kan mai sayarwa har sai mai saye ya karɓa, sai fa idan an shardanta akasin haka tun wajen ƙulla ciniki. Idan kuwa mai saye ne ya zaɓi direban ya ce a ba shi a madadinsa, to direban ya zama wakilinsa, karɓarsa karɓar mai saye ce. Shi ya sa ya kamata a fayyace wannan a rubuce kafin kuɗi su motsa.

Alhaji Na-Kwari (Kano):
Mu a kasuwa abin da aka fi yi shi ne sulhu. Idan sakacin direba ne, shugabannin tasha suke sa shi ya biya, domin akwai rajistar da ake rubuta kaya da sunan mai karɓa. Idan kuwa ƙaddara ce kamar hatsari ko 'yan fashi, galibi raba asarar muke yi da abokin ciniki, musamman wanda aka daɗe tare. 'Yata, ki riƙa kai kayanki tashar da take ba da rasit, ki ɗauki hoton ƙunshin da lambar motar ki tura wa mai kaya kafin mota ta tashi, kuma ki tambaye shi tun farko ko yana da direban da ya fi so a ba.